Maganin da Bai Ga Wuta Ba

A gindin randar kakata, can ƙuryar ɗaki inda rana ba ta kaiwa, akwai wani ɗan baƙin tulu da ba a shan ruwansa don ƙishi. Kullum bakinsa a rufe yake da faifai, an ɗora dutse a kai saboda kaji da yara. Bayan sallar isha'i sai ta jawo wani tsohon ƙunshi, ta zaɓo sassaƙe uku ko huɗu, ta kai hanci ta shinshina, ta ɗauraye su, ta jefa a tulun, ta bi da ruwa moɗa biyu, ta yi bisimilla ta rufe. Aikin daren ke nan. Ba ta hura wuta ba, ba ta ɗora tukunya ba. Da asuba, kafin a ɗumama tuwo, ruwan da ya shiga fari tas ya koma ja kamar shayi, ɗacinsa kuwa sai wanda ya kurɓa. Wannan shi ne jiƙo, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Gwarzo ko Kabo, daga Getso har Garo, da wuya a ce bai taɓa runtse ido ya haɗiye shi ba.

Da ina yaro na ɗauka tattalin itacen girki ne ya kawo haka. Wata rana na tambaye ta me ya hana ta tafasa a huta, tunda ga wuta na ci a murhu. Ta ce, "Mai gida, ba kowane itace ke son wuta ba. Wani in ka dafa shi ka kashe shi, wani kuma in ba ka dafa shi ba, ba abin da zai ba ka." Sai da na girma na gane cewa abin da ta faɗa a taƙaice, darasi ne da ɗaliban harhaɗa magunguna ke zama a aji su koya.

Masu magani a ƙasar Hausa suna da hanyoyi da dama na fitar da amfanin tsiro. Akwai dafawa, kamar ganyen darbejiyar da ake tafasa wa mai jego ta yi wanka. Akwai sirace, inda mai mura zai lulluɓa a kan tukunya tururi ya ratsa shi. Akwai turare a kan garwashi, ga kuma gari da ake dakawa a zuba a kunu ko fura. Jiƙo ya fi su duka shiru, kuma a ganina ya fi su neman gwaninta. Ita wuta tana rufa wa mai ƙaramin sani asiri, domin ko me ka jefa a tafasasshen ruwa zai fitar da launi da ɗaci, mai sha ya ɗauka an yi aiki. Ruwan sanyi ba ya yi wa kowa wannan alfarma. Sai ka san itacen, ka san irin yankan da za ka yi masa, ka san tsawon lokacin da zai yi a ruwa, ka kuma san ranar da za ka zubar.

Tun daga gindin bishiya ake gane gwani. Mai sassaƙa na gari ba ya zagaye bishiya da gizago. Zai sari ɓangaren gabas, ya koma ya sari na yamma, ya bar kudu da arewa, wasu ma har su shafa jiƙaƙƙiyar ƙasa a wurin saran kafin su tafi. Mutane da yawa suna yi wa wannan "gabas da yamma" kallon surkulle. Ko ma mene ne asalinsa, amfaninsa a fili yake. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, don haka bishiyar da aka kware ɓawonta kewaye, mutuwa za ta yi a tsaye. Wadda aka sara gefe biyu kuwa takan warke, ɓawon ya sake haɗewa, wata rana jikan mai saran ya zo ya samu.

In an kawo gida sai a kankare dattin bayan ɓawon, a shanya a inuwa, domin rana tana kwashe launi da ƙamshi. Sai batun yanka, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Idan ka jefa ɓawon maɗaci guda mai faɗin tafin hannu, ruwa sai ya kwana biyu bai gama ratsa shi ba. Idan kuma ka dake shi ya zama gari, jiƙon ya yi kauri, ya ƙi tacewa, ya yi saurin lalacewa. Shi ya sa ake sassaƙa shi kamar ɗan yatsa, ko a ba shi bugu biyu uku a turmi ya ɗan farfashe. Ganye irin na sabara murtsuke shi ake yi da hannu. Tsamiya da 'ya'yan kuka kuwa ba su neman komai sai ruwa.

Mazubi ma da ƙa'idarsa. Tsofaffi sun fi yarda da tulu ko ƙwarya, kuma ba za ka ga gwana ta jiƙa marke ko bagaruwa a gwangwani mai tsatsa ba. Waɗannan itatuwa cike suke da abin nan mai bauri da ke kama harshe, kuma da ya haɗu da ƙarfe sai ya koma baƙi ƙirin. Da wannan haɗuwar dukawa ke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa. A can Mali ma, masu yin zanen nan na bogolan da ganyen marke suke fara rina yadi, sannan su zana masa taɓo mai ƙarfe a cikinsa, baƙin ya fito. Abin da ke da kyau a kan fata da yadi ba shi ake so a cikin mutum ba. Shi tulun ƙasa kuma yana da wata baiwa: ruwa na tsattsafowa ta jikinsa, iska na busar da shi, abin da ke ciki yana yin sanyi. A bazara, lokacin da zafi ke kai maki 40 a wannan yanki, wannan sanyin shi ke tsakanin jiƙo mai kyau da ruɓaɓɓen ruwa.

Lissafin lokaci shi ne ƙashin bayan sana'ar, kuma ba a rubuce yake ba, a harshe da hanci yake. Kanumfari da hulba kwana ɗaya ya ishe su. Tsamiyar kunu ko wuni ba ta kaiwa, matan da ke shirin buɗa-baki da azumi sun san da hantsi ake jiƙa ta. Sassaƙen maɗaci daren farko yake ba da ƙarfinsa, sai a riƙa ɗiba ana ƙara ruwa har ya zama lami, sannan a zubar a sa sabo. Akwai kuma wanda ake bari kwanaki har ya tsimu, shi ake kira tsimi, kuma shi ya fi kowane haɗari a hannun wanda bai iya ba. Jiƙon da zai yi kwana uku lafiya lau a hunturu, a watan Afrilu kwana ɗaya ya isa ya juya. Gwana tana buɗe faifai ta san halin da ake ciki. In ta ga kumfa ta taso, ko fari-fari ya kwanta a sama, ko ruwan ya soma yauƙin da ba nasa ba, ko ƙamshin itace ya koma tsami, ba ta tsayawa jin tausayin sassaƙen da ta saya da kuɗinta. Bayan gida za ta kai ta tuttular. Na sha ganin kakata ta yi haka, kuma a wurina wannan zubarwar ita ce babbar alamar wanda ya san aikinsa.

Wani jiƙon akan jefa masa ɗan gutsuren jar kanwa. Kanwa tana sauya halin ruwa, ta sa wasu abubuwan da ke maƙale a cikin itace su sako, ta kuma karya tsami. Duk wanda ya ga yadda karan dafi ke sakin jan launinsa in ya ji kanwa ya ga wannan da idonsa, kuma da haka ne shinkafa da waken nan na Gana, wanda har sunansa daga kalmarmu ta wake ya samo asali, ke yin ja. Amma gutsure aka ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma tsohuwar da ta san hannunta ba ta cika kanwa.

To me wuta ke ɓatawa? Abu na farko ƙamshi. Man da ke cikin kanumfari, wanda ke sa haƙori mai ciwo ya lafa, tururi yake bi ya gudu. In ka ji gida ya gauraye da ƙamshin abin da ake dafawa, to wani kaso na maganin yana iska, ba ya cikin tukunya. Na biyu, akwai abubuwan da zafi ke rusawa. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawa, kuma wannan bitamin ba ya jure doguwar tafasa, saboda haka mai jiƙa kuka ya dama da nono ya fi mai dafawa cin riba. Na uku, tafasasshen ruwa ba ya zaɓe. Yana kwaso bauri da ɗaci fiye da kima, ya dafa sitacin da ke cikin saiwa ya yi kauri, har abin ya gagari ciki. Ruwan sanyi a hankali yake bi, ya ɗauko abin da ke saurin narkewa, ya bar mai nauyin a baya. Shi ya sa masu harhaɗa magani a Jamus har gobe suke ba da shawarar a jiƙa wasu ganyaye masu yawan bauri da saiwoyi masu yauƙi a ruwan sanyi maimakon a tafasa. A ɗakunan binciken jami'o'inmu kuwa, ɗalibi yakan zuba garin ganye a kwalba, ya rufe da ruwa ko wani sinadari, ya bar shi kwana uku yana girgizawa lokaci lokaci, sannan ya tace. Kwalba ce ta maye gurbin tulu, takardar tacewa ta maye gurbin ƙyalle.

Babbar shaida a kan maganar kakata daga ƙasar Sin ta zo. A 1967, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro yana kashe sojoji kuma tsofaffin magunguna sun daina ci, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon magani. A 1969 aka ɗora wata masaniya mai suna Tu Youyou a kan wata ƙungiyar bincike. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka yi ta gwaji. Wani ganye ɗan dangin tazargade ya riƙa ba su wahala, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma wani littafi da wani likita mai suna Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4, ta tarar shi bai ce a dafa ganyen ba, jiƙawa ya ce a yi a ruwa, a matse a sha. Nan ta gane cewa zafin da suke ba ganyen ne ke lalata abin da suke nema. Ta koma amfani da wani sinadari da ke tafasa a maki 35 kacal, kuma a watan Oktoba na 1971 gwajin ya yi nasara. Daga nan aka samo atemisinin, tushen magungunan zazzaɓi irin su Coartem da ake bai wa yaranmu yau a Gwarzo da Kabo da ko'ina. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Kalma ɗaya ta tsohon likita, "jiƙa" a maimakon "dafa", ita ta buɗe ƙofar da ta ceci rayuka miliyoyi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Wannan ilimi bai tsaya a ɗakin tsofaffi ba, ya ratsa sana'o'in ƙasar nan. Majema jiƙa bagaruwa suke yi su tsoma fata. Magina na da, kwasfar ɗorawa suke jiƙawa su sami makuba, a yayyafa a daɓe ko a shafe bango, ƙasa ta yi ƙarfi ruwa ya kasa cinta. Karofin Ƙofar Mata a Kano ba a hura masa wuta, baba da toka ne ke kwana a ruwa har su nuna. Ko darbejiya, wadda baƙuwa ce daga Indiya, sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno, manoma sun gano mata jiƙonta: a daka 'ya'yan, a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, a yi feshin wake ko kayan lambu da yamma, domin rana tana kashe ƙarfin abin da ke korar ƙwarin. Darbejiya da maɗaci dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, kuma harshe ma ya shaida haka.

Duk da ƙaunar da nake yi wa wannan sana'a, ba zan ɓoye inda take da rauni ba. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, jiƙo ba ya kashewa. Duk abin da ke cikin ruwan da aka zuba, da abin da ke jikin sassaƙen, yana nan, yana ma samun dare guda na hayayyafa. In ruwan kududdufi ne ko na buɗaɗɗiyar rijiya, ana iya neman maganin ciwon ciki a sha taifot ko amai da gudawa. Gyaran kuwa mai sauƙi ne, kuma bai taɓa asalin sana'ar ba: a tafasa ruwan shi kaɗai, a bar shi ya huce sarai, sannan a jiƙa. Itacen bai ga wuta ba, ruwan kuma ya tsarkaka. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ɗura masa dauri ko wani jiƙo. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa, ko a babban asibitin Gwarzo ko a asibitin da ya fi kusa, domin zazzaɓin cizon sauro yana iya kayar da yaro cikin kwana biyu. Labarin Tu Youyou ma ba izini ba ne na a jiƙa tazargade a bar maganin asibiti. Abin da ruwa ke fitarwa daga ganyen kaɗan ne kuma ba shi da tabbataccen awo, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan dogaro da shi. Mai ciki, da mai ciwon ƙoda, da wanda ke shan maganin hawan jini ko ciwon suga, su gaya wa likita abin da suke sha a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɓata wa sana'ar suna. Za ka gan su ranar kasuwa da lasifika, an jera tsofaffin robobin ruwa cike da jan ruwa a tsakiyar rana, ba a san ranar da aka jiƙa ba, ba a san abin da ke ciki ba, ana shelar roba ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyi da ciwon suga. Magori wasa kanka da kanka. Duk ƙa'idar da na lissafa a sama, ta inuwa da tulu da hanci da zubarwa, an take ta. Ko lambar NAFDAC da wasu ke nunawa a jikin kwalba, ba shaida ba ce ta cewa maganin yana warkar da duk abin da aka rubuta. 'Yar mai ganye ta gaskiya takan tambaye ka wa zai sha, shekarunsa nawa, tun yaushe yake ciwon, wani lokacin ma ta ce maka wannan ba nata ba ne, ka tafi asibiti.

Ga kuma itatuwan suna ƙarewa. Maɗaci yana cikin jerin bishiyoyin da masana na duniya suka ce suna fuskantar barazana, saboda katako da sassaƙa marar ƙa'ida. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Gwarzo har Dayi zai iya ƙirga maɗatan da aka yi wa tsirara har iya inda hannu ke kaiwa. Marke gawayi yake tafiya. Sabara ce kaɗai ke da taurin kai, ana sare ta a gona tana sake tohowa. Su ma masu sanin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma a 1937. Fiye da shekara ɗari ke nan da na farkon, kuma daga bakin irin kakanninmu ya ji abin da ya rubuta. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu ciwon sikila daga wani haɗin gargajiya na tsirrai huɗu, uku daga ciki masoro ne da kanumfari da karan dafi, waɗanda ke kan tiren kowace 'yar mai ganye daga Kasuwar Kurmi har kasuwar Getso. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, motar da ta ɗauko ɗalibi daga ƙofar jami'ar ita ce za ta sauke shi a Garo. Magani a gonar yaro ke nan.

Mai karatu, in har yanzu akwai tsohuwa a gidanku mai ɗan tulu a gindin randa, ka ɗauki littafi da biro ka zauna kusa da ita tun tana da ƙarfin magana. Ka tambaye ta sunan itacen da inda yake fitowa, ɓawo ake ɗiba ko saiwa ko ganye, kwana nawa yake yi a hunturu, kwana nawa a bazara, da alamar da take gani ta zubar. Kada ka tashi sai ka tambaye ta wane ne ba a bai wa.